Idan Garkuwar Jiki Ta Juya Wa Mai Ita Baya

Kusan kowa ya san cewa ƙwayar cutar HIV tana raunana garkuwar jiki. Abin da ba kasafai ake gaya wa marasa lafiya ba shi ne tana kuma ruɗa ta. Ni likita ne mai duba masu ɗauke da wannan ƙwaya, kuma na sha ganin yadda ruɗewar nan take sa mutum ya ajiye maganin da yake riƙe da ransa.

Jiki yana ƙera sinadaran kariya a cikin jini, kowanne da irin cutar da yake kamawa. Ƙwayoyin CD4, waɗanda HIV take farma, suna cikin masu nuna wa garkuwar wane ne baƙo, wane ne ɗan gida. Idan suka ragu, ga kuma ƙwayar cuta tana zuga jini dare da rana, sai a dinga ƙera sinadaran barkatai, har wasu su kama sassan jikin mai su. Kamar karen gadi ne da ya ruɗe, ya koma cizon mutanen gida.

Waɗanda suka fi shan wannan cizo su ne ƙananan ƙwayoyin da suke tsayar da zubar jini, wato faletlet. Tun a 1982 likitoci a birnin New York na Amurka suka ba da rahoton haka, shekara guda kafin a gano ita kanta ƙwayar a Cibiyar Pasteur da ke Faransa. Lafiyayyen mutum yana da faletlet tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita ta jini. In sun yi ƙasa sosai, sai a ga yawan haɓo, jini a dasashi wajen asuwaki, jinin al'ada ya wuce kima, ko ɗigo-ɗigo a ƙafafu. A baƙar fata ɗigon nan yana da wuyar gani, shi ya sa nake cewa a buɗe baki in duba ciki. Wani ma ta nan ake fara gano yana da HIV. Sau da yawa maganin HIV ɗin kansa ne yake dawo da adadin. Amma mai wannan hali ya nisanci asfirin, diklofenak da ibufurofen, domin suna ƙara zubar jini.

Akwai kuma wani cizon da yake zuwa bayan an samu sauƙi, kuma shi ya fi ruɗa iyali. Wata baiwar Allah ta fara shan magani lokacin da CD4 ɗinta ya yi ƙasa ƙwarai. Ta murmure, ta yi ƙiba, ta koma sana'arta. Bayan fiye da shekara sai ta soma ramewa alhali tana cin abinci sosai, zuciya na bugawa da sauri, gumi ba dare ba rana, hannu na karkarwa, wuya ya ɗan kumbura. Dangi suka ce, "Hajiya, maganin nan ya daina yi miki, ki bar shi." Wasu suka ce sammu ne. Da muka auna, ba a ma iya ganin ƙwayar cutar a jininta ba. Garkuwar da ta farfaɗo ce ta afka wa halittar da ke gaban wuya, inda maƙoƙo yake fitowa, ta sa ta aiki fiye da kima. Ana kiran wannan cutar Graves, kuma takan bayyana shekara 1 zuwa 3 bayan fara magani. Mun ɗora ta a kan kabimazol, ta ci gaba da shan maganinta na HIV, wato TLD, ta samu lafiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gwajin tunjere. Waɗannan ruɗaɗɗun sinadarai suna iya sa gwajin VDRL ya nuna akwai cutar alhali babu. Takarda ɗaya irin wannan ta isa ta jefa zargi tsakanin miji da mata. Tunjere na gaske ma yana nan, don haka ba a yin watsi da sakamakon, sai dai a tabbatar da wani gwajin kamar TPHA kafin kowa ya yanke hukunci.

Haka kuma mutane da yawa za a samu irin waɗannan sinadarai a jininsu ba tare da wani ciwo ba. Kada a ɗauki takarda a nufi kemis a sayi farednisolon. Yana ƙara danne garkuwa, yana iya tayar da tarin fuka da ke kwance.

Binciken NAIIS na 2018 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne suke ɗauke da HIV a Najeriya. Idan kana cikinsu, ko kina jinyar wani, don Allah kada a dakatar da magani saboda sabuwar alama. A koma asibitin da ake karɓar magani, a faɗi duk abin da aka gani, a nemi a auna jini.