Nauyin kaya ba ya riƙe kaya

Shekara goma sha ɗaya ina jan tirela mai buɗaɗɗen baya tsakanin Legas da Kano kafin in sauka daga kan sitiyari. Yanzu aikina duba lodi ne a wani kamfanin sufuri, babu motar da ke fita daga garejinmu sai na zagaya ta na taɓa ɗaurinta da hannuna. Maganar da na fi ji a bakin direbobi da 'yan dako, wadda kuma na fi jin tsoronta, ita ce: "Ai wannan kayan nauyinsa ma ya ishe shi, ina zai je?"

Ni ma na taɓa faɗin haka. Wata shekara da damina na ɗauko rodi zan kai kasuwar Ƙofar Ruwa. Mai kayan yana gaggawa, muka jefa sarƙa uku muka kama hanya. Bayan mun wuce Jebba, a wani gangare, shanu suka faɗo titi, na taka birki iya ƙarfina. Mota ta tsaya, rodi bai tsaya ba. Ɗauri biyu na rodin suka zame suka fasa bayan kan motar, daidai inda yaron motata ke kwanciya. Allah ya sa ranar yana zaune a gaba, amma ƙarfe ya yanke shi a kafaɗa. Yana riƙe da kafaɗar ya ce mini, "Maigida, ba na ce mu ƙara sarƙa ba?" Ya faɗa tun a wurin lodi, ni ne ban saurare shi ba. Har yau muryarsa na kunnena.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Idan ka taka birki, kaya yana so ya ci gaba da tafiya da gudun da yake yi, kuma ƙarfin da yake turawa da shi gwargwadon nauyinsa ne. Gaskiya ne nauyi yana danne kaya a kan bodi, amma nauyin nan dai shi ke tunkuɗa shi gaba. Saboda haka birkin da zai zamar da tan ɗaya na ƙarfe shi zai zamar da tan talatin. Ƙa'idar da ƙasashen Turai ke aiki da ita, mai lamba EN 12195-1, ta ce ɗauri ya iya tare kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, da kashi 50 ta gefe da ta baya. Wato rodi tan 30 zai iya turo tan 24 zuwa ƙeyar direba.

Mu ci gaba da lissafin, don a nan ne idona ya buɗe. Ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, abin da yake riƙewa da kansa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ba, in akwai mai ko laka ma ƙasa da haka. Tan 6 ke nan cikin 24, saura 18. Bel ɗin da muke ɗaurewa ta sama ba ya tare kaya, danne shi kawai yake yi. Lambar da ke jikin takardarsa, LC 2500, ƙarfin da zai iya ja ne kafin ya shiga haɗari. Dannawar da hannunka ke samarwa wata lamba ce daban, STF, yawanci kilo 300 zuwa 500 a kowane ɓangare. A kan bodi mai santsi, bel ɗaya bai hana fiye da kilo 160 zamewa ba. Sai ka nemi bel sama da ɗari. Amma ka shimfiɗa robar hana santsi a ƙarƙashin kayan da tsakanin ɗauri da ɗauri, riƙon ya tashi zuwa kashi 60 cikin 100, bel kusan goma sha biyar sun wadatar. Katako mai kaushi ma ya fi ƙarfe tsirara nesa ba kusa ba. Abin da ya fi duka shi ne a jingina kayan da allon gaba mai ƙwari, kada a bar tazara. In rabon nauyi a kan tayoyi ya tilasta a ja kaya baya, a cike tazarar da katako, ko a zagayo goshin kayan da sarƙa a ja ta baya. Kayan da ya sami filin gudu na taku biyu, babu allon da zai tare shi.

Tsayuwar bel ma tana da tasiri. Wanda ya sauko a miƙe daga saman kaya yana dannawa da dukan ƙarfinsa, wanda ya kwanta sosai a kan gajeren kaya rabin ƙarfin ne ko ƙasa. A sa kariya a kaifin ƙarfe, ko da yankin tsohuwar taya ne. Bel ɗin da ya tsage, ko aka ƙulla shi, ko takardarsa ta goge, a garejinmu yanka shi nake yi gida biyu don kada wani ya tsince shi. Tamfol da igiyarsa kuwa na ruwan sama ne, ba a lissafa su cikin ɗauri.

Kwantena tana da makullai huɗu a kusurwoyinta, murɗa su bai kai minti biyu ba. Ranar 29 ga Janairu 2023 kwantena ta faɗo kan ƙaramar bas a gadar Ojuelegba da ke Legas, mutum tara suka rasu. Bayan haɗarin aka sake tayar da maganar masu ɗaukar kwantena ba a kulle ba, kuma har gobe ina ganin masu ɗora ta a bodin da babu makulli, su ratsa mata sarƙa guda mai tsatsa. Wannan ganganci ne da ran bayin Allah.

Siminti buhu 600 tan 30 ne, kuma buhu yana lafawa a hanya, ɗaurin da ya yi tauri a Obajana kafin Lokoja ya saki. Dokar Amurka ta wajabta wa direba ya duba ɗauri cikin kilomita 80 na farko, daga nan duk bayan awa uku ko kilomita 240. Wannan an tsara shi ne don titi mai laushi. Wanda ya san gargadar Mokwa zuwa Tegina ya san namu ya kamata ya fi haka yawa. Dokar hanya ta Najeriya kuma ta tsaida gudun tirela a kilomita 60 a babban titi mai tagwayen hanya, 50 a sauran manyan hanyoyi, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra suna da hurumin tsayar da motar da kayanta ke barazana ga jama'a.

Fasinja a saman kaya, wannan ba na tattauna shi da kowa. Duk direbanmu da ya ɗora mutum a kan lodi ya ajiye makulli.

Na san matsin da kuke ciki, 'yan uwana direbobi. Mai kaya na waya, ɗan kamasho na tsaye a kanka, mai mota ya ce bel tsada. Makon jiya wani Alhaji ya iske ni na tsayar da motar da ta ɗauko masa bututun ƙarfe, ya ce, "Malam, awa biyu fa ka cinye mini." Na ce, "Ranka ya daɗe, zo ka gani." Na sa ƙafa na tura bututun sama, ya mirgina. Babu weji ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Alhaji ya yi shiru, sannan ya zaro kuɗi ya aiki yaronsa sayen katako. Motar ta fita bayan la'asar da weji takwas da sarƙa shida, direban ya kira ni daga Zariya ya ce ya ƙara wa biyu tauri.