Yadda za ka ceto fayilolinka da filashi idan Windows ta ƙi tashi

Kwamfuta ta ƙi buɗewa, ga hotuna da aikin makaranta a ciki? Kada ka yi saurin goge ta. Filashi mai ɗauke da Ubuntu zai iya tayar da ita.

1. A wata kwamfutar, sauke Ubuntu da manhajar Rufus.
2. Ɗora Ubuntu a filashi mai 8GB da Rufus. Zai share komai a filashin, don haka kwashe kayanka tukuna.
3. Soka shi a kwamfutar da ta ƙi tashi, ka kunna, ka riƙa danna F12 a Dell, F9 a HP.
4. Zaɓi filashin, sannan "Try Ubuntu". Kada ka taɓa "Install", yana iya goge fayilolinka.
5. Kwafe su zuwa wani filashin.