Darasin Mako: Kwandon Wabanaki da Ƙwaron da Ke Kashe Bishiyarsa

'Yan'uwa ɗalibai, darasinmu na wannan mako zai kai mu Jihar Maine a arewa maso gabashin Amurka, da yankunan Kanada da ke maƙwabtaka da ita. Nan ne ƙasar Wabanaki, mutanen da Turawa suka tarar a wurin. Ma'anar sunan ita ce mutanen ƙasar hudowar alfijir, kuma ya haɗa ƙabilu biyar: Penobscot, Passamaquoddy, Maliseet, Mi'kmaq da Abenaki.

Sana'ar da aka fi saninsu da ita ita ce saƙar kwando, kuma da itace suke yin ta. Masaƙi zai shiga dajin fadama ya zaɓi miƙaƙƙiyar bishiyar ash marar ƙulli, ya sare, ya ɓare ɓawon. Sai ya hau dukan gungumen da bayan gatari, daga wannan kai zuwa wancan. Me ya sa? Kowace shekara bishiya tana ƙara zobe ɗaya a jikinta, to dukan ne ke raba zobe da zobe, har su ɗago kamar dogayen zirin kaba. Daga nan a tsaga su, a kankare da wuƙa har su yi santsi, a haɗa da wata ciyawa mai ƙamshi da ake kitsawa. Akwai manyan kwanduna na ɗibar dankali a gona, akwai na ado masu siffar masara. A tatsuniyarsu ma, Gluskabe ne ya harbi bishiyar ash da kibiya, mutane suka fito daga cikinta.

Sana'ar ta kusa bin dattawa kabari, domin matasa sun ja baya. A 1993 masaƙa suka kafa ƙungiya, Theresa Secord na cikin jagororinta, aka riƙa haɗa yaro da gwani yana koyo. Abin ya yi albarka: a 2011 Jeremy Frey, ɗan Passamaquoddy, ya ci babbar kyautar kasuwar baje kolin 'yan asalin ƙasa ta Santa Fe.

Yanzu masu koyo sun samu, bishiyar ce ke cikin haɗari. Wani koren ƙwaro mai sheƙi daga Asiya ya ɓulla a Michigan a 2002, ya iso Maine a 2018. Tsutsarsa tana ci ta ƙarƙashin ɓawo, ta toshe hanyar ruwa da abinci, bishiya ta bushe cikin 'yan shekaru. A ganina wannan ta fi ta farko wuya, don ana iya lallashin matashi, ƙwaro kuwa ba ya jin magana. Ana tattara irin bishiyar ana adanawa, an kuma hana shigo da itacen wuta barkatai daga wasu jihohi.

Harshe da waƙa fa? A 1890 Jesse Walter Fewkes ya naɗi muryoyin Passamaquoddy a garin Calais, a kan faifan kaki mai siffar gwangwani. Babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka ya mayar da su cikin kwamfuta, dattawan da ke jin harshen suna saurara, suna rubuta kalmomin, ana sake rera waƙoƙin a wuraren rawa. A 2008 David Francis da Robert Leavitt suka fitar da ƙamus na Passamaquoddy da Maliseet mai kalmomi wajen 18,000.