Bashin da Ba Ka Ci Ba

Jama'ar Sabon Birni da Isa, tun da aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoma rance a Kebbi a 2015, rancen korona kuma ya biyo baya a 2020, sunayen mutanenmu da yawa suka shiga kundin masu bashi. Wasu sun ci. Wasu ko ƙamshin kuɗin ba su ji ba. Kamfanoni uku ke riƙe da wannan kundi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma can banki ke leƙawa kafin ya ba kowa rance.

Ɓarnar daga lambar tantancewa ta banki, wato BVN, take farawa. Wani zai zo ƙauye da 'yar jakarsa, ya ce za a raba taki da iri, kowa ya kawo lambarsa. Dattijo mai furfura sai ya miƙa, har da godiya. Anjima saƙo ya shigo wayarsa, a ce ya karanto lambobin da ke ciki, ya karanto. Haba Malam! Wannan ai sakaci ne, kada a kira shi ƙaddara.

Ku dubi tsagen Gobirawa. Wanzami ya yi wa yaro tun yana goye, ya girma da shi, ya je Shinkafi da shi, ya ƙetara Maraɗi da shi, ya sauka Kano cirani, kafin ya buɗe baki an san ɗan ina ne. Ba ya wankuwa, ba a canza shi. Haka BVN take, sai dai tsage ba mai iya aronsa, ita kuwa da bakinka kake ba da aronta, wani ya ci bashi da fuskarka. Tun watan Agusta na 2020 akwai tsarin da ya ba banki damar cire bashin da ba a biya ba daga kowane asusu mai ɗauke da lambar mai bashin. Ka sayar da albasarka, kuɗi su shiga, da safe babu.

Kada wani ya ce abin duniya ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa janyewa daga sallar gawar mai bashi har sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin biya. Mai cin bashi da sunan ɗan'uwansa kuwa, ya ji tsoron Allah.

Gyara yana yiwuwa. Wata doka ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahoton bashinsa daga kamfanonin nan kyauta sau ɗaya a shekara. Ka karɓa, a karanta maka in ba ka iya ba. Ka ga bashin da ba naka ba, ko wanda ka biya ba a share ba, ko suna ya cakuɗe da na wani, ka rubuta ƙorafi ga bankin da kamfanin, a buga maka hatimi a kwafinka. In sun yi shiru, ka kai ga sashen kare masu hulɗa da banki na Babban Banki, wanda ke da reshe a Sakkwato. Waɗanda 'yan bindiga suka kora daga garuruwansu layin waya ya salwanta, su hanzarta sanar da banki a sauya lambar kafin a sayar wa wani da layin.