Naƙasasshe ko Mai Naƙasa? Nazarin Kalmomin da Muke Amfani da Su Wajen Ɗaukar Aiki

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata, malaminmu na darasin fassara ya ba mu wani ɗan gajeren labari na Ingilishi ya ce mu mayar da shi Hausa. Labarin bai wuce layi goma ba. Yana magana ne a kan wasu kamfanoni da aka ba lambar yabo saboda suna ɗaukar makafi da kurame da guragu aiki kamar yadda suke ɗaukar kowa. Na zaci aikin rabin awa ne, amma sai da na kwana uku ban gama ko kanun labarin ba. Duk kalmar da na ɗauko sai in ga ta karkatar da maganar zuwa sadaka, alhali labarin na albashi ne. Wannan 'yar maƙala bayani ce a kan abin da na ci karo da shi, ko zai amfani 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu niyyar aikin jarida ko rediyo.

Sunan da muke kiran su da shi

Kalmar da ta fara zo mini ita ce "naƙasassu". Wasu na rubuta ta da k, wasu da ƙ, duka za ka gan su a jaridu. Asalinta daga Larabci ne, daga saiwar da ke nufin ragi ko tawaya. Abin lura a nan shi ne ƙirar kalmar. Naƙasasshe sifa ce da aka ƙera daga aikatau, irin wadda ke nuna aiki ya riga ya auku ya ƙare. 'Yan'uwanta su ne fasasshe da karyayye da lalatacce da ruɓaɓɓe. Mukan ce fasasshen tulu, karyayyiyar kujera, ruɓaɓɓen tumatir. Ke nan idan aka ce naƙasasshe, sifar ta mamaye mutumin baki ɗaya, kamar yadda fasuwa ta mamaye tulun. Wane ɗan kasuwa ne zai sa kuɗinsa a fasasshen tulu?

Idan kuwa aka ce "mai naƙasa", mutumin na nan daram, naƙasar wani abu ne da yake tare da shi, kamar a ce mai gemu ko mai tabarau. Bambancin ƙanƙane ne a baki, amma a takardar neman ma'aikata yana da nauyi.

Akwai kuma "masu buƙata ta musamman" da "masu lalura ta musamman", waɗanda gidajen rediyo da jami'an gwamnati suka fi so yanzu. Niyyar mai kyau ce, wato sakaya zance don gudun cin fuska. Sai dai a ganina sakayawar ta yi yawa. Mai juna biyu tana da buƙata ta musamman, tsoho ma haka, ɗalibin da kuɗin makarantarsa ya yanke ma haka. Doka kuwa tana son a san wa ake nufi. "Musaki" da jam'inta "musakai" ban ko gwada su ba, domin kunnen Bahaushe yana jin su kusa da miskini.

Tsofaffin kalmominmu fa, wato makaho da gurgu da kurma da bebe da kuturu? Waɗannan ba zagi ba ne a asalinsu. Da su aka yi sarautu irin su Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda ake samu a manyan garuruwan ƙasar Hausa. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa ba tare da kowa ya ɓoye makantarsa ba. Abin da ya ɓata kalmomin shi ne abin da muka jingina musu. Yaro a Azare in ya ji an ce "ga makaho nan a ƙofar gida", ba ya tambayar me ya kawo shi, kwanon tsaba yake nufa. Ga shi kuwa tun da can makafi na da sana'arsu ta tufkar igiya. Karin maganarmu ma ta san inda gizo ke saƙa, shi ya sa aka ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Wato abin da ke hannunsa ne ke saya masa daraja a kasuwa, ba tausayin mai talla ba.

Aikau ne ko karɓau?

Wannan ita ce gaɓar da ta fi ɗaukar hankalina. Mai karatu ya ɗauki kowace jaridar Hausa, ko ya saurari labaran yamma, ya tattara jimlolin da aka ambaci masu naƙasa a ciki, sannan ya yi musu li'irabi. Zai tarar da irin waɗannan: an raba wa naƙasassu kekuna, an tallafa wa makafi da shinkafa, uwargidan wane ta share wa guragu hawaye. A dukkansu mai naƙasa karɓau ne, yana zaune a bayan "wa" yana jiran abin da za a miƙo. Da wuya ka gan shi a gurbin aikau, a ce ya ƙera, ya koyar, ya sayar, ya biya haraji.

Ni wannan nahawun a gidanmu na fara ganin sa. Yayana shan inna ta kama shi yana ɗan shekara uku. (Sunan cutar kansa abin nazari ne: magabata sun ɗauka wata iska ce mai suna Inna ke shanye ƙafar yaro, kafin a san ƙwayar cuta ce da riga-kafi ke hanawa.) Da keken guragu ya yi firamare da sakandare, ya shiga Kwalejin Ilimi ta Azare, wadda yanzu ake kira da sunan Aminu Saleh, ya fito da takardar shaidar malanta. Ya kuma iya kwamfuta fiye da ni. Wata rana ya ji ana neman mai kula da lissafin kaya a wani babban kanti, sai na raka shi. Muka tarar da matakala huɗu a ƙofa, ya bar keken a waje ya hau da hannu, fayil ɗinsa a haƙori. Yana kaiwa gaban tebur, kafin ya gama sallama, mai wurin ya zura hannu a aljihu ya miƙo masa naira ɗari biyu, idonsa na kan waya.

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, aiki na zo nema, ga takarduna."

Alhajin ya ɗago kai, ya ji kunya ƙwarai, ya ce, "Ayya Malam, yi haƙuri. To ai aikin namu da wahala, kada mu ɗora maka nauyi. Riƙe wannan dai ka sha ruwa."

Mutumin nan ba mugu ba ne, na san yana alheri a unguwarsu. A cikin kansa ne jimlar ta riga ta ginu, kuma gurbi ɗaya kawai ta bar wa gurgu. Da muka fito Yaya bai ce komai ba sai da muka kusa gida, sannan ya ce mini, "Ka ga da zagi na ya yi, da na san abin da zan ce masa."

Me ake karramawa?

Daga nan na koma neman sanin irin kamfanonin da ake yabon, don in san aikataun da ya dace da su. Misalin da ya fi burge ni daga Japan yake. A 1965 wani likita mai suna Yutaka Nakamura ya kafa wata cibiya a garin Beppu bisa ra'ayin cewa masu naƙasa dama suke nema, ba sadaka ba. Ya yi ta yawo kamfani-kamfani har shugaban kamfanin da yanzu ake kira Omron ya amince, aka buɗe masana'antar Omron Taiyo a 1972, inda masu naƙasa ke harhaɗa kayan lantarki ana biyan su albashi. Sony ya bi sahu a 1978, Honda a 1981. Ana iya sukar tsarin da cewa ware su aka yi a masana'anta tasu daban, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka kayan da suke ƙerawa kasuwa ake kai su, mai saye bai san hannun da ya yi su ba.

A 2019 wata 'yar ƙasar Ailan mai suna Caroline Casey, wadda ita kanta ba ta gani sosai, ta ƙaddamar da Valuable 500 a taron Dabos, inda ta nemi shugabannin manyan kamfanoni 500 su sa hannu cewa za su sa batun masu naƙasa a ajandar hukumar gudanarwarsu. Adadin ya cika a 2021. Wasu ƙasashen kuma ba su tsaya ga yabo ba. A Jamus, duk mai ma'aikata 20 zuwa sama dole kashi 5 cikin ɗari na guraben su kasance na masu naƙasa mai tsanani, in bai cika ba ya riƙa biyan kuɗin diyya.

Mu ma muna da doka. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010, sannan a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya. Dokar ta ce kamfanin da ya nuna wariya zai biya tarar naira miliyan 1, mutum ɗaya kuwa naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin da ya cika a 2024. Ta kuma nemi hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. A lura, wannan kason bai hau kan 'yan kasuwa ba. Saboda haka a wurinmu lambar yabo ga kamfani mai zaman kansa tana da muhimmanci, tunda abin da bai zama masa dole ba ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana da wata naƙasa, don haka maganar ba ta 'yan tsiraru ba ce.

A Arewa kuwa, wuraren da na sani sun yi suna a wannan fanni masu naƙasar ne da kansu suka kafa su. A Kano ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa, ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada, tana da wurin walda inda suke ƙera kekunan guragu. A Jos akwai Beautiful Gate ta Ayuba Gufwan, ita ma kekuna take ƙerawa, kuma a 2024 aka naɗa shi shugabancin hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa. Da ba a ɗauke su aiki ba, sai suka koma su ne masu ɗauka.

A ƙasar Katagum fa?

Tun da aka dawo da fadar Katagum zuwa Azare a 1916 garin ke bunƙasa da kasuwanci, yanzu ga asibitin gwamnatin tarayya, ga kwaleji, ga jami'ar jiha a Gadau nan kusa. Amma mafi yawan masu ba mutane aiki ba manyan kamfanoni ba ne. Teloli ne da kafintoci da masu gyaran waya da masu gidan burodi da masu injin niƙa, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka daɗe suna yin abin da ake ba Turawa lambar yabo a kai, ba su ma san yana da suna ba.

Kawuna tela ne, kuma babban yaron shagonsa kurma ne, sun fi shekara goma tare. Shi ke yanka, shi ke riƙe makulli. Kawu bai taɓa shiga ajin koyon maganar hannu ba, a bakin keke ya koye ta. Ita maganar hannu ta Hausa harshe ce mai zaman kanta da nahawunta, Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta fitar da littafi a kanta a 2000, abin kunya ne a ce mu ɗaliban Hausa ba mu san ko gaisuwa da ita ba. Na taɓa tambayar sa, "Kawu, taimaka masa kake yi?" Ya harare ni ya ce, "Kai yaro, taimakon me? Ranar da bai zo ba ni ke kwana a shago. Da salla in wani ya ƙwace mini shi na shiga uku."

Amsar nan ta Kawu ita ta warware mini fassarar. Aikatan da ke zuwa da "wa", irin su taimaka wa da tausaya wa da rufa wa asiri, duk na ajiye su gefe. Kalmar Ingilishin da ke nufin shigar da kowa cikin harka ba tare da ware wani ba, na ga wasu na fassara ta da "tafiya da kowa". Ba laifi, amma ana iya tafiya da mutum a matsayin kaya. Na fi son "damawa da", daga damun fura, domin wanda ake damawa da shi hannunsa na cikin ƙwaryar, yana da ta cewa, yana da rabo. Ita kuma karramawa ya kamata mai fassara ya tambayi kansa a kan me aka yi ta: mutum nawa aka ɗauka, albashinsu ɗaya da na sauran, akwai hanyar shiga da keke, an taɓa ƙara wa ɗayansu girma? Kamfanin da ya raba buhunan shinkafa ranar 3 ga Disamba, wato ranar masu naƙasa ta duniya, ya ɗauki hoto, kyauta ya yi, sai a rubuta kyauta.

Kanun da na miƙa a ƙarshe shi ne: "An karrama kamfanonin da ke damawa da masu naƙasa wajen ɗaukar ma'aikata." Malam ya ja layi a ƙarƙashin "masu naƙasa" ya rubuta a gefe cewa wasu daga cikinsu sun fi son a kira su makafi ko kurame kai tsaye, in je in tambaye su. Na fara da Yaya, wanda yanzu yake koyarwa a wata makarantar kuɗi, yana kuma buga wa ɗalibai takardu da yamma. Ya ce shi gurgu ne, bai ga abin ɓoyewa ba, amma a takardar albashi "Malam" ya ga an rubuta.