Me Ya Sa Ɗakin Ƙasa Ya Fi Na Bulo Sanyi?

Tambayar ta fito daga wani mai sauraronmu a Damagaram, wanda ke shirin gini. Yana son sanin dalilin da ɗakin ƙasa ya fi na bulo da kwano sanyi, kuma ko ginin ƙasa na da ƙarko.

To malam, sirrin yana cikin kaurin bango. Katangar tubali tana shan zafin rana a hankali, ba ya ratsawa ciki sai dare ya raba, lokacin da gari ya huce. Kwano kuwa da hantsi ya ɗau zafi, nan take yake juye shi a kan masu ɗaki, shi ya sa a watan Afrilu sai fanka ko kwanan tsakar gida. Ga shi kuma masana'antun siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya.

Batun ƙarko, dubi hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844, tana nan tsaye. A Dandaji ta jihar Tawa ma, an kammala sabon masallaci a 2018 da bulon jar ƙasa da inji ke matsewa.

Abokin gabar ƙasa ruwa ne. A ɗaga harsashi da dutse, indararo ya yi tsawo don kada ya zubar a gindin bango, a sabunta yaɓe da makuba kafin damina. Kuma don Allah a duba azara da kyau saboda gara.