Gano Dalilin Zafin Filogi: Jagora ga Sabon Zuwa Ƙasar Waje

Filogi mai lafiya yakan ɗan yi ɗumi idan ya daɗe yana ɗauke da abu mai jan wuta, kamar hita ko dutsen guga. Amma idan hannu ya kasa riƙe shi, ko ana jin ƙaurin roba, ko bakin soket ya yi baƙi, to akwai matsala, kuma ba mai jiran gobe ba ce. Da farko a kashe makunnin soket, a bari ya huce, sannan a zare.

Mutumin Kanya ta ƙasar Zuru da ya sauka Ingila zai tarar da filogin da ya saba gani a gida, mai ƙafa uku, wanda Birtaniya ta fito da shi a 1947. Ƙarfin wutar ma ɗaya ne, bolt 230. Bambancin yana wajen amfani. A Jihar Kebbi wutar Kaduna Electric, wadda har yau ake ce wa NEPA, zuwa take tana tafiya, janareto da sola kuwa ba a cika ɗora musu kaya masu nauyi ba. A Ingila da wuya a ɗauke wuta, kuma da hunturu hita kan daɗe a kunne. Ƙaramin lahanin da zai shekara a ɓoye a gida, a Manchesta dare ɗaya ya ishe shi narkar da roba.

Yawancin zafin daga mahaɗar da ta yi sako-sako yake tasowa, domin wuta tana matsuwa ta ɗan wurin da ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Don gano inda take, sai a duba filogin. Idan bai ƙone ba, a kai na'urar wani soket, a kunna ta na ɗan lokaci ana tsaye a wurin. In ya sake zafi, laifin na filogin ne ko na na'urar. In bai yi ba, soket na farko ne ya gaji. Wata alamar gajiyarsa ita ce filogi ya riƙa shiga ba tare da an danna ba, ko ya riƙa lilo.

Filogi mai sukuru ana buɗe shi da sukudireba bayan an zare. Wayoyi uku ne a ciki: ruwan ƙasa mai ɗauko wuta, shuɗiya mai mayarwa, sai mai ratsin kore da rawaya ta kariya. A duba ko sukurun wata ya kwance, ko silin tagulla sun tsinke saura kaɗan, ko maƙalin fis ya saki ya yi duhu. Wanda ya riga ya ƙone, ko wanda aka narka shi haɗe da wayarsa, canza shi ake yi.

Batun fis yana buƙatar tsayawa. Mai amfiya 3 na ƙananan kaya ne, har zuwa wat 700. Mai amfiya 13 yana ɗaukar kusan wat 3,000. Aikinsa tsinkewa idan an ja wuta fiye da kima, don haka mahaɗa na iya gasuwa fis yana nan lafiya lau. Dabarar naɗe shi da waya ko takardar kwalin sigari, da ta cusa tsirarar waya a soket a tokare da ashana, hanyoyin gobara ne a ko'ina, balle a bene mai maƙwabta sama da ƙasa.

Ekstenshan ma iyakarsa amfiya 13 ɗin ce, komai yawan ramukansa. Butar lantarki kaɗai tana kusan cinye su, hita kuma takan ja wat 2,000, saboda haka kowannensu soket ɗin bango ya dace da shi. A Jamus da Faransa, masu filogi mai zagayayyun ƙafafu, da Amurka mai bolt 120, adafta mai araha ce ta fi jawo zafin. Gara a sayi kaya masu nauyi a ƙasar.

Ɗan haya ba ya kwance soket ɗin bango. Ya ɗauki hoto, ya sanar da mai gida a rubuce, ya daina amfani da wurin har mai gyaran wuta ya zo. Dokar 2020 a Ingila ta wajabta wa masu ba da haya binciken wayarin aƙalla duk shekara biyar. Idan kuwa hayaƙi ko harshen wuta ya tashi, ba a watsa ruwa: a kashe babban makunni in ana iya kaiwa gare shi, a fitar da kowa, a kira 999 a Birtaniya, 112 a Turai, 911 a Amurka.